Rangwamen Keken Zuwa Aiki a Ingila da Waɗanda Yake Tsallakewa

Shekara biyu ke nan nake zuwa wurin aiki a kan keke a birnin Manchesta, kuma keken da nake hawa ban biya kuɗinsa lokaci guda ba, ta hanyar tsarin Cycle to Work na same shi, wanda gwamnatin Birtaniya ta kafa a cikin dokar kuɗi ta 1999. Na amfana da shi ƙwarai, ba zan musa ba, amma tun ranar da na fahimci yadda lissafinsa yake tafiya raina bai kwanta da shi ba.

Ma'aikata ce take sayen keken, tare da fitilu da kwaɗo da hular kwano, sannan ta ba ma'aikaci hayarsa, shi kuma ya yarda a rage masa albashi kowane wata, yawanci na tsawon wata 12, har kuɗin su cika. Ana cire wannan kuɗi ne kafin a lissafa haraji, saboda haka ma'aikacin ba ya biyan harajin albashi da kuɗin inshorar ƙasa (wani kaso da gwamnati take karɓa daga albashi ban da haraji) a kan abin da aka cire. Sharaɗin shi ne aƙalla rabin zirga-zirgar da za a yi da keken ta kasance ta zuwa aiki. A da yawancin ma'aikatu ba sa wuce fam 1,000, amma a 2019 aka fitar da sabon bayani da ya buɗe ƙofar sayen kekuna masu tsada, har da masu lantarki. Idan wa'adin haya ya ƙare keken bai zama naka ba tukuna, sai ka biya wani kaso na farashinsa, kuma bisa jadawalin hukumar haraji ta HMRC, keken da ya kai fam 500 ko fiye ana ƙimanta shi a kashi 25 cikin ɗari bayan shekara ɗaya, kashi 7 kuma bayan shekara huɗu. Shi ya sa mutane da yawa suke tsawaita hayar maimakon su saye shi nan take.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wanda yake biyan harajin kashi 20 da inshorar kashi 8, idan ya ɗauki keken fam 1,000, abin da ya tsira da shi fam 280 ne. Wanda albashinsa ya haura fam 50,270 a shekara, yake biyan kashi 40 da kashi 2, shi kuwa fam 420 zai tsira da su a kan wannan keke ɗaya. Wato gwargwadon girman albashinka, gwargwadon taimakon da baitulmali zai yi maka. Ita ma ma'aikatar tana samun nata sauƙi, domin ba ta biyan nata kason inshorar a kan kuɗin da aka cire.

Wannan ma da sauƙi a kan abin da na gani da idona. Akwai wata baiwar Allah da take share ofishinmu, tana fara aiki tun kafin gari ya waye, lokacin da motocin haya ba su fara yawa a hanya ba. Wata safiya ta gan ni ina kulle keke, ta tambaye ni yadda na yi na same shi, na yi mata bayani da zumuɗi, har na nuna mata inda za ta nemi takardar. Bayan mako guda ta dawo ta ce an gaya mata ba ta cancanta ba. Dalili kuwa shi ne doka ta hana a rage albashin mutum ta wannan hanya har ya faɗi ƙasa da mafi ƙarancin albashi, ita kuma a daidai kan wannan ƙa'ida ake biyan ta, ko fam ɗaya ba za a iya cirewa ba. Dokar an yi ta ne don kare talaka, kuma tana da kyau, amma a nan ita ce ta rufe mata ƙofa. Mai sana'ar kansa ma ba ya ciki, haka wanda ma'aikatarsa ba ta shiga tsarin ba, tun da ba dole aka yi wa kowa ba. Na ji nauyin matar sosai a ranar, domin ni da nake da halin sayen keke ko babu rangwame ni aka taimaka wa, ita da kuɗin mota yake cin wani babban yanki na abin da take samu aka bar ta a tasha.

Beljiyam ta bi wata hanya dabam wadda nake ganin ta fi kusa da adalci. A can ana biyan ma'aikaci ne a kan kowace kilomita da ya taka keke tsakanin gida da wurin aiki, kuma a 2024 har santi 35 na yuro a kilomita ba a cire masa haraji ba. Tun daga watan Mayun 2023 wata yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da masu ɗaukar ma'aikata ta faɗaɗa wannan alawus zuwa ma'aikatu masu zaman kansu da a da ba sa biya. Wanda yake tafiyar kilomita 10 zuwa, 10 dawowa, a lissafin 2024 zai iya samun yuro 7 a rana, ko darakta ne ko mai shara, ko sabon keke yake hawa ko tsohon da ya saya a hannu. Abin da ake saka wa shi ne hawan keken, ba sayensa ba, kuma wannan ne ainihin abin da yake rage cunkoso da hayaƙi a kan titi. Amurka kuwa ta taɓa barin ma'aikatu su ba masu zuwa aiki a kan keke har dala 20 a wata ba haraji daga 2009, dokar haraji ta 2017 ta dakatar da shi.

Akwai kuma abin da ma'aikata za ta iya yi ba tare da jiran gwamnati ba. A garin da ruwan sama ba ya sanarwa, kuma duhu yake shiga tun ƙarfe huɗu na yamma a lokacin hunturu, wurin ajiye keke mai rufi da kulle, da banɗakin wanka, da akwatin ajiye tufafi sun fi rangwamen haraji tasiri wajen sa mutum ya ɗore. Ma'aikata tana iya sayen kekuna ta ba da aronsu ga ƙananan ma'aikata ba tare da taɓa albashinsu ba, kuma dokar harajin ta yarda da hakan. Wannan shawara na rubuta na kai wa shugabannin ofishinmu, tare da roƙon a kashe rarar inshorar da suke samu daga irinmu wajen sayen kekunan aron. An ce za a duba ta a zaman kasafin kuɗi mai zuwa, ita kuma baiwar Allah har yanzu tana fitowa da asuba ta jira mota.