Kitson matan Himba da na gani a Opuwo

Aiki ya kai ni Opuwo da ke yankin Kunene, arewacin Namibiya, kuma har yau kitson matan Himba bai fita raina ba. Makiyaya ne, masu shanu da awaki. Suna daka wani jan dutse ya zama gari, su kwaɓa da man shanu, su shafe jiki da gashi. Otjize suke kiransa. Kowace igiyar kitso ta yi kauri, jawur kamar tukunyar da aka fitar daga wuta.

Daga kitson ake gane matsayin mace. Yarinya ƙarama guda biyu ake yi mata su zubo ta goshi. Wadda ta yi aure kuwa tana ɗora wani ado na fatar tunkiya a ka, erembe.

Ruwa na wuya a can, sai su riƙa turara jiki da hayaƙin itace mai ƙamshi. Wallahi da ƙamshin man nan ya bugi hancina, kakata na tuna, Allah ya jiƙanta, tana mulke mini kai da man shanu kafin ta fara tsaga. Sai da na yi ƙwalla.