Abin da Darasin Waƙa Ya Koya Mini a Aji Uku

A watan Satumba na shekarar 2022 aka ba ni aji uku a wata makarantar firamare ta gwamnati da ke Tudun Wada, cikin garin Kaduna. A jadawalin da na gada akwai darasin al'adu da fasaha sau biyu a mako, ranar Talata da ranar Alhamis bayan an dawo tara. Darasi ne da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa ta cusa zane da wasan kwaikwayo da kiɗa da waƙa a cikinsa, a manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara. A wurinmu malamai kuwa lokaci ne na duba littattafai ko ƙarasa lissafin da bai ƙare ba. Ni ma haka na yi zango guda cur. In na ga dama in rubuta kalangu da goge da algaita da kakaki a allo, yara su kwafa, alhali da yawansu ba su taɓa riƙe ko ɗaya daga ciki ba.

Matsalar karatu ce ta sauya mini tunani. Yara 68 nake da su, kuma waɗanda za su iya karanta layi guda na Hausa ba tare da sun tsaya ba ba su wuce goma sha biyar ba. Wata rana ina zaune a baranda sai na lura da wata yarinya wadda da safiyar nan ta kasa raba mini kalmar makaranta gaɓa-gaɓa, ga ta nan ita ke ba da waƙa a gaɗa, sauran suna amshi, tana tafi mai sarƙaƙiya wanda ni kaina ba zan iya bi ba, kuma ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Sai na gane cewa kunnenta lafiya lau yake rarrabe sauti, ni ce ban taɓa haɗa mata abin da take ji da abin da take gani a allo ba.

Ranar Talatar da ta biyo baya na ce kowa ya rufe littafinsa, muka fara tafa sunaye. Amina tafi uku, Musa tafi biyu, Abdullahi tafi huɗu. Da suka saba sai na shiga abin da ya fi wannan zurfi, wato bambancin gaɓa mai nauyi (mai dogon wasali ko auren wasali, ko mai ƙarewa da baƙi) da mara nauyi (mai ƙarewa da gajeren wasali), wanda a kansa aka gina karin rubutacciyar waƙar Hausa. Gaɓa mara nauyi mu ƙwanƙwasa benci da yatsa, mai nauyi mu tafa. Nan ne yara suka gano da kansu cewa garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne amma bakinsu daban, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Yaron da ba a horar da kunnensa ba yakan karanta haruffa daidai amma ma'ana ta kuɓuce masa, sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa.

Ganin an samu ci gaba, sai na yi garaje. Na gayyato wani dattijo mai kiɗan kalangu, irin waɗanda ke yi wa mahauta kiɗa, don ya nuna wa yara yadda ganga ke magana. Ya matse tsarkiyar kalangun a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, ya kaɗa musu wuyan da ake rataya sarƙa da wuyar da ake sha, ya kaɗa kukan jariri da kukar miya, yara suna canka suna ihu. Daga baya ya riƙa kaɗa sunayensu, duk wanda ya ji nasa ya miƙe. Ban taɓa yin darasin da ya kai wannan armashi ba, kuma ban taɓa yin wanda ya jawo mini magana kamarsa ba, domin hedimasta kawai na gaya wa, shi ma da baki, iyaye ba su san komai ba.

Washegari iyaye maza uku suka zo ofis. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya ce, "Malama, karatu muka kawo 'ya'yanmu su yi, ba roƙo ba." Raina ya ɓaci a lokacin, amma da na kwana da maganar na ga suna da hujja. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado wadda take tafiya tare da roƙo, sannan malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa, kuma uba yana da haƙƙin ya san abin da ake sa wa ɗansa a kunne. A taron iyaye da malamai na ba da haƙuri, na kuma kira yara biyu suka tafa kalmomi suka karanta su a gaban kowa. Wani limami dattijo ya karɓi magana, ya tuna wa mutane cewa a Islamiyya ma da waƙe yara ke haddace abubuwa da dama, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu da waƙoƙi ta karantar da mata ta hanyar 'yan taru, wato ƙungiyar karatun mata da ta kafa. Na ce, "Allah gafarta Malam, abin da nake nufi ke nan, na dai shigo ta inda bai kamata ba." Aka tsayar da cewa ba za a sake kawo makaɗi daga waje ba sai an rubuta wa iyaye, kuma duk waƙar da za a koyar sai hedimasta ya ga baitocinta tukuna. Gidaje biyar suka ce 'ya'yansu su rera amma kada su taɓa abin kiɗa, na kuma kiyaye musu wannan har ƙarshen shekara.

Kayan aikinmu daga nan suka zama murya da tafi da ƙwarya biyu da muke kifawa a daron ruwa, sai gwangwanayen madara da muka zuba wa tsakuwa. Malamin aji huɗu ya yi ƙorafin hayaniya, kuma da gaskiyarsa, sai muka koma ƙarƙashin dogon yaro.

Akwai abin da ban tsara ba amma ya zo da kansa. Na ce kowane yaro ya je wurin kakarsa ko mahaifiyarsa ya koyo waƙar reno ko ta daka ko ta niƙa. Yawancin ajin Hausawa da Fulani ne, amma akwai 'yan Gbagyi da Nufawa da Yarbawa kaɗan, da wani yaro Bajju guda wanda tun farkon zango ban ji muryarsa ba sai wajen kiran suna. Shi ya tsaya ya koya wa yara sittin da wani abu amshi da harshen gidansu, yana gyara musu lafazi da ƙarfin hali. A garin da tun rikicin shekarar 2000 jama'a suka rarrabu unguwa-unguwa, wasu ƙetaren kogi wasu nan, ganin wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Na kuma koyi inda ƙarfin waƙa ya tsaya. Na sa musu jadawalin sau a waƙa, cikin mako biyu suka haddace, ina ta murna. Da na tambayi wani yaro bakwai sau shida, sai da ya faro tun daga bakwai sau ɗaya yana rerawa a hankali kafin ya iso, kuma da na juya tambayar na ce shida sau bakwai sai ya tsaya yana kallona. Dole muka koma ga ƙirga tsakuwa da marafan kwalba. Haka nan, ko da yake fiye da rabin ajin sun iya karanta gajeren labari a ƙarshen shekara, ba zan jingina wannan duka ga waƙa ba, domin a lokaci guda mun ƙara minti goma na karatu a bayyane kowace safiya.

A ƙarshen watan Mayu na shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka daina rerawa tun 1978, sai ga makaranta guda babu yaron da ya san shi, mu malamai ma yawancinmu ba mu tashi da shi ba. Hedimasta ya aiko a kira masa yaran nan nawa, waɗanda a lokacin suna aji huɗu, ya kunna musu a wayarsa sau biyu, ya rubuta baitocin a allo. Kafin in ce komai yarinyar nan mai gaɗa ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mu fara tafa shi tukuna." Suka bi kalmomin Turancin gaɓa-gaɓa da tafi, sannan suka ɗora murya, kuma ranar Litinin su suka tsaya a gaba a filin taro, sauran azuzuwa suna bin su.