Wasiƙun Neftun da sunan da ya ɓace

Tunda na karɓi takardar sallama daga sashe yanzu zan iya magana. Waɗanda muka yi zama tare sun san aikin da Farfesa ya ɗora min, wato tattara wasiƙun da masana taurari suka riƙa yi wa juna kan gano duniyar Neftun, ina bin hotunansu a kwamfuta, ga rubutun hannu irin na mutanen da, ga Faransanci, wani layin sai ka kwana a kansa kafin ya buɗe maka.

Duniyar Yuranus ce ta ƙi bin hanyar da lissafi ya shata mata, sai wani masanin taurari, Le Verrier a Faris, ya ce lallai akwai wata duniya can bayanta da ke fizgarta, ya ma lissafa inda take. 'Yan gida suka yi masa sanyin jiki, shi ne ya rubuta wa Johann Galle a Balin ran 18 ga Satumba 1846. Abin dariya, Galle ya aika masa kundin digirinsa wajen shekara guda kafin nan, mutumin ko na gani bai ce ba sai da buƙatarsa ta taso, sai ga godiya da yabo a kan wasiƙa. Ta isa ran 23 ga wata, a daren suka ga abin daf da inda aka nuna.

To wanda ya tsaya min a rai shi ne Heinrich d'Arrest, ɗalibi ɗan shekara 24. Shi ya tuna akwai sabuwar taswirar taurari ta Bremiker a ajiye, ya zauna da ita a gefe, Galle na kan na'urar hangen nesa yana kiran taurari ɗaya bayan ɗaya shi kuma yana dubawa, har aka zo kan wanda babu shi a taswira. Amma ka karanta amsar da Galle ya tura Faris ran 25, cewa ya yi na samu, Bremiker ma an ambace shi, yaron ko oho.

Ni na kai wa Farfesa wannan. Ya cire tabarau ya ce madalla, ai nan takardar take. Na rubuta sashen gaba ɗaya, na yi gyara har na gaji da ganinsa. Da mujalla ta fito sai ga sunansa da na wani abokinsa da wallahi ko fayil ɗin bai taɓa buɗewa ba, ni kuma ina can ƙasa cikin godiya, wai na taimaka da buga rubutu. Na same shi a ofis na ce ranka ya daɗe ko mantuwa aka yi, ya ce kai yaro ne, lokacinka na zuwa, gaggawar me kake yi. Takardar da ke kukan an danne ɗalibi a 1846 fa! Na ce na gode, na ja masa ƙofa.

Don haka ku da kuka rage, duk abin da kuka yi da oga da baki, ku koma ku tura masa imel kuna cewa kamar yadda muka tattauna ɗazu. Airy, shugaban gidan hangen taurari na Girinwic a Ingila, duk zagin da yake sha kan yadda Neftun ta kuɓuce wa Ingila, ba ya yar da ko guntun takarda, shi ya sa muka san ya aika wa Adams, ɗan Ingilan da shi ma ya lissafa inda Neftun take, tambaya ran 5 ga Nuwamba 1845 kan lissafinsa, Adams kuwa ya yi shiru. Fayil ɗin Airy ma ɓacewa ya yi shekaru da dama, sai a Chile aka tsince shi cikin kayan wani masanin taurari Olin Eggen bayan mutuwarsa a 1998. Sannan a riƙa duba abin da aka tara da wuri, Challis, da ke neman duniyar a Kambirij, ya ga Neftun sau biyu a Agustan 1846 bai sani ba don bai gwama bayanansa ba. A kuma koyi Faransanci, kar a dogara da Google.

Sashen Airy da Adams dai ba a rubuta shi ba tukuna, kuma ni kaɗai na san yadda na jera fayilolin. Shekaranjiya Farfesa ya turo saƙo, gaisuwa har layi uku, ya iyali ya hidima, sannan a ƙarshe yana tambayar fasuwod. Na gani. Zan amsa idan na samu sarari.