Ranar da na gyara wa shugaban kwamiti magana

Jiya na miƙa makullin ofis, na kwashe littattafaina. Wa'adi ɗaya na yi a majalisa, jam'iyya ba ta sake ba ni tikiti ba, kuma na san daga inda ɓarakar ta soma.

Ƙudirina na farko kan zubar jini bayan haihuwa ne, wanda ya fi komai kashe mata a ɗakin haihuwa. Shekara 11 na yi ina aikin likita, ina ganinsa da idona. Allurar oksitosin tana tsayar da shi, amma sanyi take so, digiri 2 zuwa 8. In ta daɗe a zafi ƙarfinta raguwa yake yi, ungozoma ta yi wa mace allura tana ganin ta gama nata, jini kuwa bai fasa zuba ba. Abin da na nema bai taka kara ya karya ba: a wajabta firij mai aiki da hasken rana duk inda ake karɓar haihuwa.

Ya tsallake karatu na biyu, aka tura shi kwamitin lafiya. A zaman jin ra'ayin jama'a, shugaban kwamitin, dattijon da ya tsufa a kujerar, ya ce ai magani yana nan jibge a sito, matan ne ba sa zuwa asibiti. Ban bari ya dire ba na ce, "Ranka ya daɗe, na siton nan da shi da ruwa kusan duk ɗaya ne." Na karanto masa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kusan 287,000 da ciki da haihuwa suka kashe a duniya a 2020. Yadda nake titsiye ɗalibai a gaban gadon mara lafiya, haka na yi masa, ga 'yan jarida ga kyamara. Aka kwashe da dariya. Ya yi murmushi ya ce, "Mun gode 'yata, mun ƙaru."

Rahoton kwamitin bai taɓa fitowa ba. Yau a ce babu adadin mambobin da za a zauna, gobe a ce akawu ya yi tafiya. Shekara uku ina sintiri. Da na bi shugaban ofis tun kafin zaman, na bar shi ya faɗi maganar da bakinsa ya sha tafi, da tuni an sa hannu. Laifina ne, na yarda. Amma mutumin da zai danne doka irin wannan don an yi masa dariya sau ɗaya, shi ma ya san abin da ya ɗauka a wuyansa.

Sauran darussan da na koya ƙanana ne. Ka girmama akawun kwamiti fiye da minista. 'Yan mazaɓa kuwa, awon hawan jini da takardar magani suke nema a wurin likita, babu mai tambayar doka.

Ƙudirin ya mutu da ƙarewar wa'adin majalisa. Shekaranjiya wani abokin aiki da ya sake cin zaɓe ya aiko a karɓar masa fayil ɗin, zai gabatar da shi da sunansa. Na ba shi, har da gyaran sashe na uku. Litinin ina da aikin dare a ɗakin haihuwa.