Mai jinyar Hajiya

Da aka sallamo Hajiyarmu daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, sai muka ɗauki mai kula da ita a gida. Ta farko akwai kirki kam, amma hannun da ta canza mata ƙunzugu da shi, da shi take ɓallo magani, ba wanki ba safar hannu. Allura in ta gama sai kwandon shara, inda yara ke kai-kawo. Kafin mu ankara gyambo ya fara cin ƙugun Hajiya, don a gefe guda take wuni.

Ta yanzu kuwa tun kafin mu tambaya ta nuna lasisinta na Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Duk awa 2 sai ta juya ta, ta duba duga-dugai. Ba ta ba ta abinci sai ta zaunar da ita, gudun ƙwarewa. Awon jini da lokacin magani duk tana rubutawa a ɗan littafi. Ko da tsakar dare za ka ji ta: "Sannu Hajiya, bari mu juya."

Kuɗinta da tsada, gaskiya. Yaya da ya fi kowa mita, shi ke biya yanzu.