Akwatin rimot da kuɗin batir

Ƙarshen watan nan zan tattara kayan aikina in bar garejin da na koyi rewaya. Yaran da ke bayana sun matsa in bar musu wani abu a rubuce kan akwatin makunnai na rimot, mai kunna ƙarin fitilu da makamantansu, da ake yawan kawowa yanzu a saka wa Hilux da Land Cruiser. To ga shi, sai dai ba na iya maganar akwatin nan ban sako Oga a ciki ba.

Kun san wayoyinsa: babba mai zuwa kan batir, baƙa mai kama jikin mota, sai siririyar nan da ake kaiwa layin makulli, wadda ke hana akwatin aiki sai an murɗa. Duk rigimata da Oga a kan siririyar nan ce.

Wani Alhaji mai kwangilar rijiyoyin burtsatse ya kawo Hilux ɗinsa, motar da ke shiga rairayin Yusufari da Machina. Aka saka doguwar fitila mai wat 300 a sama, da ƙanana a gefe, da kwamfiresar ba taya iska. Na kai siririyar waya layin makulli kamar yadda takardar kamfani ta nuna. Oga ya leƙo ya ce in cire in ɗaura ta kan batir kai tsaye, wai Alhaji yana son ya tsaya daga nesa ya danna, fitila ta kama, jama'a su gani. Na ce, "Oga, in aka danna bisa kuskure mota na kashe fa?" Ya ce, "Kai yaro, ni na koya maka riƙe filaya ko kai ka koya min?" Na yi shiru na ɗaura.

Lissafin ba wuya. Wat 300 a kan bolt 12 amfiya 25 ke nan. Batir mai ƙarfin amfiya-awa 70 ba zai kai awa uku ba, kuma tun kafin nan ya daina iya tayar da injin dizal. Direba ya zauna da rimot a aljihun wando, da rana tsaka, fitila ta kama ba wanda ya lura. Da suka gama aiki aka murɗa makulli, shiru. Mota a cikin rairayi ba a tura ta, sai da suka kwana kafin wata ta zo da wayar jan wuta.

Alhaji ya dawo ransa a ɓace. Oga ya kira ni gabansa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, aikin yaran zamani ne, ba sa jin magana." Ko kallona bai yi ba. Aka cire kuɗin sabon batir daga haƙƙina, kuma ni aka sa na mayar da wayar inda na fara kai ta. Wasu daga cikinku suna wurin, kun ji da kunnenku.

Tun daga ranar, in mai mota ya ce yana son akwati ya yi aiki mota na kashe, a gabansa nake yin lissafin amfiya a bayan kwali, in ce ya zaɓa da bakinsa, a gaban shaida. Wanda ya nace, na kan ba shi shawarar batir na biyu. Ban ƙara bari wani ya shiga tsakanina da mai mota ba, ko da Oga ne.

Sauran abubuwan kiyayewa ba su da yawa. Babban fis ya zauna kusa da kan batir, don in wayar ta goge a jikin ƙarfe can gaba, shi zai hana gobara. A kankare fenti sai ƙarfe ya fito kafin a ɗaure baƙar waya. Kada a kafa akwatin kusa da salansa, zafi na cinye shi. Winci kuma, injin jawo mota in ta maƙale, ba ya bi ta cikinsa: yana jan ɗaruruwan amfiya, layin akwati kuwa mafi girmansa bai wuce talatin ba a yawancin waɗanda ke zuwa mana. A nuna wa direba inda fis yake, a ba shi ƙari a leda.

Alhajin nan ya gane gaskiya daga baya, motocinsa biyu ma suna jirana a sabon wurin. Kuɗin batir dai har yau Oga bai tayar da maganarsa ba.