Daga Kantin Kwari zuwa ciyawar Wimbledon

A Kano Club na fara son tanis. Yayana ne ya riƙa jana kallon gasar Dala Hard Court tun ina sakandare, kuma a bakin wani dattijo mai koyar da wasan na fara jin sunan Nduka Odizor, ɗan Najeriyar da ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon, babbar gasar tanis ta Landan, a 1983. Dattijon yakan ce, "Yaro, ƙwallo a kan ciyawa ba ta tashi, sulalewa take yi." Shekara fiye da ashirin maganar nan tana raina, har a 2023 na ƙudura zan je in gani da idona.

A Janairu na fara shiri, ina ganin na yi sammako, ashe wani a tafe ya kwana. Masu gasar suna raba yawancin tikiti ne ta hanyar ƙuri'a, kuma tun ƙarshen shekarar da ta gabata ake rufe rajista. Na ga shafuka a intanet suna tallan tikiti da tsada, sai ɗan yayata da ke karatu a Landan ya hana ni. "Kawu, kada ka tura wa kowa ko sisi," in ji shi. "Tikitin ƙuri'a ba a sayar wa wani, za a iya mayar da kai daga ƙofa. Ka zo kawai mu bi layi." Wimbledon na cikin manyan gasannin da har gobe mutum zai tashi da asuba, ya bi layi, ya sayi tikitin ranar a farashinsa na asali. Wannan ya kwantar min da hankali, sai dai ya kwantar da shi fiye da kima.

Biza ce ta fara nuna min inda aikin yake. Ni ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa nake sayarwa, kuma rabin cinikina bai taɓa bi ta banki ba. Masu ba da biza kuwa takardar banki suke karantawa, ba cikar shago ba. Wani abokina ya ba ni shawara in ari kuɗi masu kauri in zuba a asusu mako guda kafin in nema. Allah ya taimake ni ban bi ba, domin kuɗin da suka faɗo rana ɗaya babu bayani su ne ke jawo tambaya. Abin da na yi shi ne na riƙa shigar da cinikin kowace rana banki, na haɗa takardar rajistar kasuwanci, da wasiƙar gayyata daga yaron, da bayanin kwana tara da zan yi. Kuɗin bizar wata shida fam 100 ne a lokacin. Na bi hanyar Zariya da Kaduna zuwa Abuja aka ɗauki hoton yatsuna, aka ce in saurari kimanin mako uku.

Kuskurena yana nan. Ana iya neman bizar tun saura wata uku tafiya, wato tun Afrilu, amma na tsaya sai asusun ya ƙara kyau, ban miƙa ba sai ƙarshen Mayu. Na kuma ƙi sayen tikitin jirgi kafin fasfo ya dawo, wanda har yanzu nake ganin daidai ne. A tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki naira, dalar da hukuma ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 700 cikin kwanaki. Ranar da fasfona ya iso da biza a ciki, kuɗin jirgi ya riga ya yi tashin gwauron zabi. Na zauna a Wapa gaban ɗan canjin da muka saba, yana danna kalkuleta yana juyo min da fuskarta, ni kuma ina lissafin ragon layya, don Babbar Sallah saura kwanaki. Maiɗakina ce ta raba gardamar. Ta ce, "Alhaji, shekara nawa kana wannan magana? Ka rage kwanakin, ka tafi." Na mayar da su shida.

Wani abin da ban so kowa ya manta: katin naira a lokacin ba ya aiki a waje, cikin filin kuma da kati ake sayen komai. Sai da na buɗe asusun dala na karɓi katinsa.

Na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka yada zango a Adis Ababa, muka sauka Heathrow da safe. An buɗe gasar ranar Litinin 3 ga Yuli. Talata muka nufa, ruwa ya wuni yana zuba, wasannin filayen waje kusan duk aka ɗage. Da kwana ɗaya na ware wa kallon, da na dawo Kano ban ga komai ba.

Ranar Alhamis muka koma. A Landan ta Yuli alfijir na ketowa tun wajen ƙarfe uku, rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, don haka muna idar da Asuba muka fita. Muka isa Wimbledon Park, wani ma'aikaci ya miƙo min kati mai lamba, shi ne matsayina a layi, ba mai tsallake wani. Ga tantunan waɗanda suka kwana don samun babban fili, wanda tikiti kusan 500 kacal ake ware masa a rana. Raɓa ta jiƙa min takalmi, sanyin ya fi na hunturun Kano shiga ƙashi duk da sun ce bazararsu ce. Mun sha shayin da yaron ya zubo a fulas da kilishin da na kai masa, ina ta duba lambata. Fam 27 na biya na shiga harabar.

Wannan tikiti mai arha bai kai ni babban fili ba, kuma ban yi baƙin ciki ba. Ya ba ni ƙananan filaye, inda tsakanina da ɗan wasa bai fi taku biyar ba. Ina jin numfashinsa, ina jin ƙarar raket, ina ganin koren ciyawa ya shafi farin wandonsa. An yanke ciyawar milimita 8, lumui kamar darduma. Wata 'yar wasa ta yanko ƙwallo da bayan hannu, ta taɓa ƙasa ta sulale ƙasa da gwiwar abokiyar karawarta. Na tuna dattijon nan, Allah ya jiƙansa, idona ya ciko. Daga baya na tsaya a fili na 18, inda 'yan wasa Isner da Mahut suka shafe awa 11 da minti 5 suna buga wasa ɗaya a 2010, na karanta allon da aka manna a bango. Azahar da La'asar kuwa a masallacin da ke titin Durnsford muka haɗa su bayan mun fito.

Wasan ƙarshe na mata a falona na kalla, ranar 15 ga Yuli, da yarana a gefe. Ons Jabeur ta Tunusiya muke goya wa baya, Vondrousova ta doke ta 6-4, 6-4. Ƙaramar 'yata ta nuna talabijin ta ce, "Baba, nan ka zauna?" Na ce a'a, can baya ne, inda kyamara ba ta cika zuwa ba.